Ƙumbar Shingen Baba

Quellón, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata Fresia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Yaya iskar Punta Arenas, yaya kuma bayan naki da kika ce yana damunki? Ni dai lafiyata ƙalau, sai godiyar Allah.

Bayan haka, labarin da kike jira ya tabbata. Baba ya tsai da ranar jan gida, Asabar biyu ga Maris. Teku ta ci gaɓa har ta kusa gindin itacen tuffa, da damunar bara kuwa Inna ta yi kwana uku tana jin ruwa na dukan ƙarƙashin ɗakin girki. Sai bana ya yarda, shi ma wai ba don mun faɗa ba, shi ne ya ga dama. Tudun bayan coci za a ja gidan katakon namu ɗungurungum, a kan gungume. Ya bi tsibirinmu gida-gida, hula a hannu, ya roƙi minga, gayyar nan tamu, ba kuma wanda ya ce masa a'a. Bijimai goma sha shida za a ɗaura, na dattijo Don Aladino a gaba, jajayen nan biyu da yake ji da su fiye da 'ya'yan cikinsa. Mutane kuwa za su haura sittin.

Kin san ladan mai zuwa minga a cikinsa yake tafiya da shi. To Baba ya rantse sai ya yi kuranto, dahuwar nan ta ƙumbar teku da dankali a rami kan duwatsu masu zafi, wanda za a shekara goma ana zancensa. Tun babbar janyewar ruwa ta Janairu shi da Inna da Goggo Eduvigis suke kwasar ƙumba, buhu goma sha ɗaya, wasu kamar tafin hannu. Ya juye su a shingen duwatsun nan na bakin ruwa da kakanmu ya gina, inda teku ke rufe su in ta cika, don su zauna da ransu har ranar. Kafin su fara kwasa sai da ya aiko Nolberto mai jirgi ya tambaye ni ko ruwan lafiya. Na ce lafiya lau, don a lokacin lafiya lau ɗin ne.

Kin ce in gaya miki abin da nake yi takamaimai, don kullum kina ce wa yaran "tana aikin ruwa", har ƙaramin ya ɗauka famfo nake gyarawa. To ga shi. Duk Talata nakan shiga jirgin Nolberto mu zagaya wurare bakwai, har da mashigin tsibirinmu. Ko'ina in ɗebi ruwa a kwalba, in ɗiga masa aidin, in dawo ɗakin gwaji in zauna gaban madubin ƙara girman abu ina ƙirga 'yan tsirran da ke yawo a ciki, waɗanda ido ba ya gani. Su ne abincin ƙumba. Yawancinsu bayin Allah ne, wasu ma kyawawa kamar 'yan kunne. Guda ɗaya ce muguwar, mai jeruwa kamar carbin Inna, huɗu-huɗu ko takwas-takwas. In ta yi yawa sai ƙumba ta sha ta, ta tara dafinta, ita ko a jikinta, wanda ya ci ƙumbar shi ke kwana a ciki. Shekarata shida ina ƙirga ta, Yaya, ko daga barci aka tashe ni ba zan ɓata ta da wata ba.

Wannan Talatar na ga guda uku a kwalbar can kudu, nesa da mu. Uku ba komai ba ne, amma na sa musu ido.

Na so a ce za ki zo, amma na san tafiyar ba ta wasa ba ce. Zan ci rabonki in ba ki labari. Ki gaishe mini da yaran, ki ce wa ƙaramin ko famfon gidana ban iya gyarawa ba.

Ƙanwarki,
Ercilia

Quellón, 25 ga Fabrairu

Yaya Fresia,

Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gidan. Da fatan bayan ya yi sauƙi. Takardarki ba ta iso ba tukuna, amma ba zan iya jira ba, don abin da ke cikina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Ukun nan sun hayayyafa. Sati biyu aka yi ba iska, rana ƙwal, ruwa kwance kamar a kwano, irin yanayin da muguwar take so ke nan. Talatar da ta wuce na samu ɗari huɗu a lita ɗaya a mashiginmu. Ban jira wata Talatar ba, na koma ranar Juma'a, na samu dubu tara. Sau uku na ƙirga, ba don ina shakka ba, don dai ina roƙon Allah a ce na yi kuskure. Ban yi ba. Na kai rahoto inda ya kamata, amma ƙa'ida ita ce ba a rufe wuri sai an gwada naman ƙumbar kansa, ɗakin gwajin birni kuwa duk mutanen kudu can suke aika nasu yanzu, suna ta fama. Sun ce sakamakon namu sai Talata biyar ga Maris. Jan gida kuwa Asabar.

Jiya Lahadi na tafi gida. Na tarar an riga an zare gidan daga ginshiƙansa, an ɗora shi kan manyan gungume biyu, tukwanen Inna duk a ɗaure. Na bar Baba ya ci abinci ya sha shayinsa, sannan na faɗa masa a hankali, mu uku kawai. Ya tashi ya ja ni har bakin taga.

Ya ce, "Ke Chila, leƙa ki gani. Har duwatsun ƙasa ana gani. Ina abin yake?"

Na ce, "Baba, ba sai ruwa ya sake launi ba. Tana nan, ni na gan ta."

Ya ce, "Rediyo ya ambaci tsibirinmu?"

Na ce bai ambata ba tukuna.

Ya ce, "To madalla. Kuma ko da ya ambata, ina ruwan tawa ƙumbar? Ta Janairu ce. Ke da bakinki kika ce ruwan lafiya, ko ba ke ba ce? Dankalin da na haƙa a Janairu, in ciwo ya faɗa wa gona a Fabrairu, biyo shi zai yi har rumbu?"

Kin ji inda matsalar take, Yaya. Ba taurin kai kaɗai ba ne. A wurinsa abin da ya shiga shinge ya zama ajiya, ya bar teku ke nan, kamar yadda ubansa da kakansa suka ɗauka. Su kuwa a zamaninsu ba a san wannan abu a ruwanmu ba, don haka ba wanda ya taɓa ƙaryata su.

Na ce, "Baba, dankali ba ya buɗe baki. Waɗannan sau biyu kullum teku ke rufe su, suna sha. Ruwan jiya ne a cikinsu, ba na Janairu ba."

Ya ce wuta za ta kashe koma mene ne, awa biyu a ƙarƙashin ganye kan duwatsu masu zafi ba wasa ba ne. Na ce wannan dafin wuta ba ta taɓa shi, romon ma ya fi muni. Na gaya masa yadda yake yi, leɓe ya fara mutuwa, sai harshe, sai hannuwa, sai numfashi ya gagara alhali mutum yana ji yana gani, kuma ba shi da makari. Daga gidanmu zuwa asibiti awa biyu ne a jirgi, jirgin Nolberto kuwa mutum nawa zai ɗauka? Inna ta dafe ƙirji. Shi kuwa ya murtuke fuska ya ce mun aika yarinya makaranta ta dawo tana tsorata mutane da abin da ba wanda ya taɓa gani sai ita.

Na roƙe shi ya ɗaga ranar ko da sati ɗaya. A nan kam yana da gaskiyarsa. Gida na kan gungume, ba ya jiran ruwan sama, sati mai zuwa kuma bijiman kowa sun shiga haƙar dankali. Na ce to a yi minga, a bar ƙumba. Ya dube ni kamar na ce ya fita tsirara. Mutum sittin su ja maka gida, ka buɗe rami ba ƙumba? Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kafin in taho na sauka shingen na ɗebi ƙumba ashirin, su na aika birni da safen nan. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba, amma kaina bai rabu biyu ba. Ƙumbar nan ba za ta shiga rami ba. Yadda zan yi ne ban gama sani ba.

Ki sa mu a addu'a. Gaisuwa ga kowa.

Taki,
Ercilia

Quellón, 4 ga Maris

Yayata,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Takardarki ta same ni, na gode. Kin ce in bi shi a hankali, tsoho ne. Na bi, Yaya, hankalin ne ya ƙare kafin kwanakin. Ki zauna ki karanta.

Ranar Juma'a da na sauka ban nufi gida ba, wurin Goggo Eduvigis na wuce, tunda shekara talatin ba a yi kuranto a danginmu ba sai ita ce uwar rami. Na same ta tana gurza dankali. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta ɗaga kai ba, sannan ta ajiye magurjin.

Ta ce, "Dube ni nan, 'yar nan. Sani kika yi, ko tsoro kike ji?"

Na ce, "Sani na yi, Goggo."

Ta ce, "In takardar birni ta zo ba komai fa? Ubanki ba zai ƙara ɗaga kai a tsibirin nan ba, ke ma ba ki ƙara taka shi."

Na ce na san da haka. Ba ta ce mini ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba, ta dai miƙo mini wuƙa ta ce in fere.

Asabar da safe ruwa ya janye, maza suka gangaro da buhuna da amalanke za su kwashe shingen. Suka tarar da ni tsaye a bakinsa da takalman aikina. Na ƙara yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa, ya ce in matsa. Sai na ɗaga murya yadda na kan tudu ma za su ji, na faɗi duk abin da na faɗa masa a ɗaki. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Maza suka tsaya da buhuna a hannu. Don Aladino ne ya fara magana, kin dai san shi. Ya ce, "Haba likita, shekara sittin ina cin ƙumba, ba ta taɓa yi mini komai ba sai tumbi. A kawo kyanwa mana, a ba ta ɗaya mu gani." Aka yi dariya, har wani ya juya zai nemo kyanwar.

Na ce, "Don Aladino, kyanwa ɗaya za ta ci. Kai kuwa bara a bikin coci ina kusa da kai, na daina ƙirgawa a talatin da biyar." Dariyar ta koma kansa. Na ce kuma ba duka suke ɗaukar dafi daidai ba, ta kyanwar tana iya zama mai sauƙi, ta jikarka ta zama mai kisa. Daga nan ba wanda ya ƙara dariya.

Baba ya ce a ci gaba da aiki, gidansa ne, ƙumbarsa ce. Maza biyu suka matso da buhu, suna kallon ƙasa. Sai ga Goggo ta gangaro daga wurin ramin, ta kwance zanen aikinta ta ninke, ta zauna kan kifaffen kwale-kwale. Ta dubi Baba ta ce, "Baldomero, ni dai ba da hannuna ba. Ga duwatsu can sun yi ja, ka je ka jera da kanka." Matan da ke bayanta suka zazzauna ɗaya bayan ɗaya. Inna ce ta ƙarshe. Ta daɗe a tsaye, sannan ita ma ta zauna, ba ta dubi kowa ba.

Yaya, ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya matso kusa da ni ya ce, "Da a ɗaki kika kashe ni, da ya fi mini sauƙi." Ya hau tudu shi kaɗai. Bayan ɗan lokaci ya dawo janye da karsanar nan tasa mai farin goshi, wadda ya shekara biyu yana kiwo don ta zama uwar garkensa. Shi ya yanka ta da hannunsa, ya sa aka ƙara da alade. Matan maƙwabta kuma suka zame suka tafi gidajensu, wannan ta dawo da kaji biyu, waccan da naman da ta ƙyafe. Sun yi ne don alheri, amma na ga wannan ya fi komai yi masa ciwo, a ce mai minga ne baƙinsa suke ciyarwa.

Gida kam ya tafi. Da ma kin gani! Bijimai goma sha shida, maza na ihu, gungume na kuka, gidan da aka haife mu yana rangaji yana hawa tudu, Inna na binsa a baya da fitilarta a hannu tana share hawaye. Bututun murhu ne kawai ya faɗo. Ƙarfe huɗu aka sauke shi a bayan coci, ko gilashi ɗaya bai fashe ba.

Da aka buɗe rami kowa ya ƙoshi, amma gaskiya ba kuranto ba ne. Ba ƙamshin nan, ba romon da ke jiƙa dankali. Don Aladino ya ce shi dai yau ya ga coci ba ƙararrawa, ya kuma ci kwano uku. Baba ya bi layi yana miƙa wa kowa rabonsa yana kiran sunansa yana godiya, kamar yadda ake yi. Da ya zo kaina sai ya wuce. A gaban kowa. Inna ce daga baya ta turo mini nata kwanon, na kasa ci.

Ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Amma mutum sittin da uku ne suka zo, na tsaya a bakin hanya na ga sittin da uku sun koma gida da ƙafafunsu. Gobe sakamako zai fito. Na san abin da zai ce, kuma ko da zai ce sifili, da abin da na gani a madubi haka zan sake yi.

Kada ki rubuto masa faɗa, don Allah. Ki gaida yaran.

Ƙanwarki,
Ercilia

Quellón, 12 ga Maris

Yaya Fresia,

Ina gaisuwa, da fatan duk kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan lafiya, har da mutanen sabon tudu.

Sakamako ya fito ranar da suka ce. A ma'aunin dafin, abin da aka yarda mutum ya ci bai wuce tamanin ba. Ƙumbar shingen Baba dubu biyu da ɗari tara ce. Washegari rediyo ya ambaci tsibirinmu, aka hana kwasa daga mashigi har kudu. Ba zan yi miki ƙarya ba, a ranar na so in kwafi takardar in manna ta a ƙofar coci, in kuma aika wa Don Aladino tasa daban. Har na sa ta a ambulan. Sai na tuna fuskar Baba a bakin shinge, na jefa ta a aljihun tebur. Ai Don Aladino yana da rediyo.

Jiya da hantsi ina gaban madubi aka ce ina da baƙo. Na fito na ga Baba a tsaye a baranda da kwat ɗinsa na zuwa coci, hula a hannu. Shekara shida ina aiki a nan bai taɓa taka wurin ba. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya zaro kwalbar giyar tuffa daga aljihu, an wanke ta tas, cike da ruwa. Ya ce daga bakin shinge ya ɗebo da safe. Ya ce, "Nuna mini ita."

Ban sa aidin ba, don ya gan ta da ranta. Na ɗiga ɗigo ɗaya, na nemo ta, na zaunar da shi a kujerata. Da farko sai rufe idon da ya kamata ya buɗe yake yi, yana cewa ba ya ganin komai sai gashin idonsa. Can sai ya gan su. Guda takwas ne a jere, suna iyo suna murɗawa, suka ratsa suka wuce, wasu huɗu suka biyo.

Ya ce, "Ita ce wannan?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Duk wannan a ɗigo ɗaya?"

Na ce a ɗigo ɗaya, kuma ƙumba guda tana tace fiye da bokiti a yini.

Ya daɗe bai ɗago ba. Ni kuma na shirya, na ɗauka zai ce in yi haƙuri, har na tanadi abin da zan ce don in sauƙaƙa masa. Bai ce ba. Idonsa na kan madubin ya ce, "Kin san in an ɗaga ganyen rami, ni nake zaɓar wadda ta fi girma tun tana tururi. Uwarku nake ba wa, kafin kowa ya taɓa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa fashi ba. Wannan karon tun Janairu na ware mata guda shida a gefen shinge, na ɗora dutse a kansu."

 Ya ɗago, ya zaro hankici ya goge fuskarsa, ya ce wannan madubin namu yana sa ido ruwa. Na ce masa haka yake yi wa kowa.

Ki gaishe da maigidanki da yaran. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ercilia